Gwajin garkuwar jini kafin ƙarin jini: abin da katin rukunin jini ba ya nunawa

Gwajin garkuwar jini bincike ne da ake yi a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti domin a gano ko jikin majinyaci yana ɗauke da sinadaran da za su far wa jinin da za a ƙara masa. A ƙasashen da asibitocinsu ke aiki da Faransanci, irin su Nijar da Cadi da Kamaru da Benin, likita yakan rubuta shi a takarda da haruffa uku, RAI, wato recherche d'agglutinines irrégulières. Ana yin sa kafin ƙarin jini, da lokacin awon ciki, da kuma bayan majinyaci ya nuna alamar cewa jinin da aka sa masa bai karɓe shi ba.

Mutane da yawa sun san rukunin jininsu, ko A ko B ko AB ko O, sun kuma san ko mai alamar tarawa ne ko mai alamar ɗebewa. Wannan sanin yana da amfani, amma bai isa ya tabbatar da cewa leda za ta dace da mutum ba. Mutum biyu za su iya zama O mai alamar tarawa dukansu, jinin ɗaya kuma ya cutar da ɗayan. Gwajin garkuwa ne ke gano wannan bambancin da kati ba ya nunawa.

Alamomin jini da sinadaran garkuwa

A bayan kowace jar ƙwayar jini akwai wasu alamomi da mutum ya gada daga uwa da uba. Masana suna kiran su antijin. A da B alamomi ne daga cikinsu, haka ma D, wadda ita ce ake nufi idan an ce jini mai alamar tarawa ne. Ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masana ƙarin jini, ISBT, ta amince da tsare-tsaren rukunin jini fiye da 40, masu ƙunshe da alamomi fiye da 300. Waɗanda suka fi jawo matsala a asibiti bayan ABO su ne Rh, mai alamomin D da C da c da E da e, sai Kell da Duffy da Kidd da MNS.

Jiki ba ya faɗa da alamar da yake da ita. Idan kuwa baƙuwar alama ta shigo, yakan ƙera sinadarin garkuwa, wato antibodi, wanda ke manne wa ƙwayar da ke ɗauke da alamar har a hallaka ta. Ana kiran kowane sinadari da sunan alamar da yake yaƙa: anti-D, anti-K, anti-E da sauransu.

Sinadaran iri biyu ne. Na farko su ne na ABO, waɗanda ke bayyana da kansu tun jariri yana da wata uku zuwa shida, ba tare da an taɓa ƙara masa jini ba. Mai rukunin A yana da anti-B, mai B yana da anti-A, mai O yana da duka biyun, mai AB kuma ba shi da ko ɗaya. Yawancinsu manya ne, daga ajin da ake kira IgM, kuma suna iya farfasa ƙwayoyin jini a cikin jijiya nan take. Na biyu su ne waɗanda ba a tsammani, waɗanda jiki ke ƙerawa bayan ya haɗu da jinin wani, ta hanyar ƙarin jini ko juna biyu ko dashen wata gaɓa. Yawancin waɗannan daga ajin IgG suke. Ƙanana ne, sun fi aiki a zafin jikin mutum, digiri 37, kuma suna iya ratsa mabiyiya su kai ga ɗan da ke ciki. Su ne gwajin RAI ke nema.

Yadda aka gano su

Karl Landsteiner, likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, shi ne ya bayyana rukunonin A da B da O a 1901, bayan ya ga ruwan jinin wasu mutane yana dunƙule ƙwayoyin jinin wasu. Abokan aikinsa biyu sun gano AB a 1902. An ba shi lambar Nobel a 1930, kuma ranar haihuwarsa, 14 ga Yuni, ita ce a yau ranar masu ba da jini ta duniya. A 1907 Reuben Ottenberg, a birnin Niyok na Amurka, ya fara gwada jinin mai bayarwa da na mai karɓa kafin a yi ƙarin jini.

Duk da haka an ci gaba da ganin majinyata suna shiga mawuyacin hali bayan an ba su jinin rukuninsu. A 1939 Philip Levine da Rufus Stetson sun ba da rahoton wata mata a Amurka da ta haifi ɗa babu rai, aka ƙara mata jinin mijinta wanda rukuninsu ɗaya, jikinta ya ƙi shi ƙwarai. Suka gano cewa ɗan ya gaji wata alama daga ubansa wadda uwar ba ta da ita, jikinta kuma ya ƙera garkuwa a kanta tun tana da ciki. A 1940 Landsteiner da Alexander Wiener suka wallafa aikinsu da jinin birin da ake kira rhesus, daga nan sunan Rh ya samo asali.

Sauran matsalar ita ce sinadaran IgG ba sa dunƙule ƙwayoyin jini a cikin ruwan gishiri yadda ido zai gani. Sukan manne wa ƙwayar su yi shiru. A 1945 Robin Coombs da Arthur Mourant da Robert Race, a Kemburij ta Ingila, suka fito da hanyar tona su: ruwan gwaji mai ɗauke da sinadarin da ke kama garkuwar ɗan Adam, wanda a lokacin daga jikin zomo ake samun sa. Idan an zuba shi a kan ƙwayoyin da garkuwa ta manne wa, sai ya haɗa su da juna su cure. Wannan shi ne gwajin Coombs, kuma da shi aka gano Kell a 1946, Duffy a 1950, Kidd a 1951. Sunayen nan uku daga iyalan majinyatan da aka fara samun sinadaran a jininsu aka ɗauko su.

Matakan gwajin

Aikin yana farawa ne a gadon majinyaci. Ana ɗebe jini a ƙaramar kwalba, a rubuta suna da ranar haihuwa da lambar asibiti nan take a gaban mai jinin. Kuskure a wannan matakin, ko a lokacin ɗaura leda, shi ne babban musabbabin ba wa mutum jinin da ba rukuninsa ba. A ɗakin gwaji ana sa kwalbar a injin da ke juya ta da sauri, jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa, ruwan jini mai kalar rawaya ya taso sama. Alamomi suna jikin ƙwayoyin, sinadaran garkuwa suna cikin ruwan.

Mataki na farko shi ne tabbatar da rukuni. Ana gwada ƙwayoyin majinyaci da ruwan anti-A da anti-B da anti-D, sannan a gwada ruwan jininsa da sanannun ƙwayoyin A da B. A tsarin Faransa gwajin ƙwayoyin shi ake kira Beth-Vincent, na ruwan kuma Simonin. Dole sakamakon biyun su yi daidai, kuma a wannan tsarin ba a ɗaukar rukunin mutum a matsayin tabbatacce sai an gwada shi sau biyu daga jinin da aka ɗeba a lokuta daban.

Mataki na biyu shi ne tantancewa. Ana haɗa ruwan jinin majinyaci da ƙwayoyin gwaji kala biyu ko uku, dukansu rukunin O domin kada anti-A da anti-B su shiga tsakani. An zaɓo ƙwayoyin ne yadda a tsakaninsu za a samu duk manyan alamomin Rh da Kell da Duffy da Kidd da MNS da Lewis. Ana ɗumama su a digiri 37 na wasu mintuna, a wanke, a zuba ruwan Coombs. Idan babu abin da ya cure, sakamakon babu garkuwa. Idan ko ɗaya ta cure, akwai abin da za a bincika. Wannan hanyar ita ce takardun Faransanci ke kira test de Coombs indirect.

Mataki na uku shi ne gano sunan sinadarin. Ana sake gwajin da jerin ƙwayoyi goma ko fiye, kowace da takardar da ke nuna alamomin da take da su da waɗanda ba ta da su. Ma'aikacin yana duba waɗanda suka cure da waɗanda ba su cure ba, yana soke alamomi ɗaya bayan ɗaya har a bar wadda ta dace da sakamakon. Idan duk ƙwayoyin da suka cure suna da K, waɗanda ba su cure ba kuma ba su da ita, to anti-K ne. Sai a tabbatar cewa ƙwayoyin majinyacin kansa ba su da K. Idan sinadarai biyu ko uku suka haɗu a jiki ɗaya, akan yi amfani da papayin, sinadarin da ake samu daga gwanda, wanda ke goge alamomin Duffy da M da N daga bayan ƙwaya, yana kuma ƙara fito da na Rh da Kidd.

Mataki na huɗu shi ne gwajin dacewa: a haɗa ruwan jinin majinyaci da ƙwayoyin ainihin ledar da za a ɗaura masa. Akwai na gaggawa da ake yi a zafin ɗaki cikin ƴan mintuna, wanda kuskuren ABO kaɗai yake kamawa. Akwai cikakke, mai ɗumamawa da ruwan Coombs, wanda ke kama sinadaran IgG. Bambancin nan yana da muhimmanci, domin a asibitoci da yawa na yankin Sahel, musamman na karkara, na gaggawar kaɗai ake yi.

A da duk waɗannan a kwalaben gilashi ake yin su. A shekarun 1980 Yves Lapierre, a birnin Liyon na Faransa, ya ƙirƙiro katin roba mai ƙananan ramuka cike da wani abu mai kauri. Ƙwayoyin da suka cure sukan maƙale a sama, waɗanda ba su cure ba su gangara ƙasa. Katin ya fi sauƙin karantawa kuma ba ya buƙatar wanki, sai dai yana da tsada kuma daga waje ake shigo da shi. Rukuni da tantancewa sukan ɗauki kusan awa guda. Gano sunan sinadari da nemo ledar da ta dace na iya ɗaukar awoyi, wani lokaci kwanaki. Idan jini yana zuba kuma rai na cikin haɗari, likita ba ya jira: yakan ba da jajayen ƙwayoyin O, musamman mai alamar ɗebewa ga yarinya ko macen da ke shekarun haihuwa, gwaji kuma ya ci gaba.

Illolin da sinadaran ke jawowa

Mafi tsanani ita ce farfashewar jini ta nan take, wadda ke faruwa cikin awa 24, sau da yawa a mintunan farko. Yawanci kuskuren ABO ne ke kawo ta. Majinyaci yakan ji zazzaɓi da rawar sanyi, ciwon baya ko ƙirji, zafi a wurin allura, hawan jininsa ya faɗi, fitsarinsa ya yi ja ko baƙi. Ƙoda na iya tsayawa, jini kuma ya ƙi daskarewa. Ƴan cokula kaɗan na jinin da bai dace ba sun isa su tayar da ita, shi ya sa ake son ma'aikacin jinya ya tsaya kusa a minti 15 na farko.

Ta biyu ita ce farfashewar da ke zuwa daga baya, yawanci kwana uku zuwa sati biyu bayan ƙarin jini, wani lokaci har sati huɗu. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya ƙera garkuwa shekarun baya, ta ragu har gwaji ya daina ganin ta. Da aka sake ba shi jini mai alamar, jiki ya tuna, ya ƙera ta da yawa cikin kwanaki. Sinadaran Kidd sun yi suna wajen wannan ɓuyan. Alamomin su ne zazzaɓi, shawara a ido, fitsari mai duhu, da raguwar jini bayan an ga ya hau. A yankin da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, abu ne mai sauƙi a ɗauka shi ne.

Akwai illolin da ba su shafi jajayen ƙwayoyi ba. Zazzaɓi da rawar sanyi marasa farfashewa sukan zo daga garkuwar da majinyaci ke da ita a kan fararen ƙwayoyin mai bayarwa, ko daga sinadaran da fararen ƙwayoyin suka saki a cikin leda, kuma tace su daga leda yana rage matsalar. Akwai ciwon huhu mai tsanani da ake kira TRALI, wanda ke zuwa cikin awa shida da sarƙewar numfashi. A nan garkuwar tana cikin ruwan jinin mai bayarwa ne, sau da yawa macen da ta yi haihuwa da yawa, shi ya sa ƙasashe da dama suka koma amfani da ruwan jinin maza. Akwai kuma ƙaiƙayi da borin jini, wanda a wasu mutane ƙalilan da ba su da sinadarin IgA yakan tsananta har numfashi ya toshe. Waɗannan suna da nasu gwaje-gwajen na musamman da RAI ba ya kamawa, kuma manyan cibiyoyi kaɗai ke yin su.

Abin da ake yi idan matsala ta auku

Dokar farko ita ce a tsayar da jinin nan take, a bar allurar a jijiya da ruwan gishiri, a kira likita. Sai a sake duba sunan da ke kan leda da na majinyaci. Ba a zubar da ledar: ana mayar da ita ɗakin gwaji da igiyarta, tare da sabon jinin da aka ɗeba daga ɗaya hannun da kuma fitsarin farko.

A ɗakin gwaji ana duba kalar ruwan jinin, domin idan ya koma ja ko ruwan hoda alama ce ƙwayoyi sun fashe. Ana sake gwada rukunin majinyaci da na leda, da tsohon samfur da sabo. Sannan a yi gwajin Coombs na kai tsaye, wato a wanke ƙwayoyin majinyaci a zuba musu ruwan Coombs, a ga ko garkuwa ta riga ta manne musu a cikin jiki. Idan ta manne, ana iya ɓamɓaro ta da ruwa mai tsami ko da zafi a gano sunanta. Ana kuma auna yawan jini da sinadarin shawara da aikin ƙoda, a shuka abin da ya rage a leda domin a ga ko ƙwayoyin cuta ne suka gurɓata ta, tunda alamomin suna kama da juna.

Gwajin kai tsaye yana iya nuna sakamako ba tare da ƙarin jini ba. Wasu mutane jikinsu yana ƙera garkuwa a kan nasu ƙwayoyin. Wasu magunguna ma suna jawo haka, ciki har da metildopa da ake ba masu ciki saboda hawan jini, da allurar seftiriyazon. Saboda haka likita yana buƙatar sanin duk maganin da majinyaci ke sha.

Jinin mutanen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya

Alamomin jini ba su rarrabu daidai a duniya ba. Kusan kashi 15 cikin 100 na Turawa ba su da D, a Afirka ta Yamma kuwa adadin bai kai kashi 10 ba, don haka ledar mai alamar ɗebewa tana da wuyar samu. Alamar K tana jikin kusan kashi 9 na Turawa, amma kusan kashi 2 na baƙar fata. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da manyan alamomin Duffy guda biyu a ƙwayoyinsu, abin da ke ba su kariya daga nau'in zazzaɓin cizon sauro da ake kira vivax, wanda ta wannan alamar yake shiga ƙwaya.

Akwai kuma alamomin da suka fi yawa a Afirka amma ba safai ake ganin su a Turai ba, kamar Jsa da V da VS. Ƙwayoyin gwajin da kamfanoni ke sayarwa yawanci daga jinin Turawa ake haɗa su, saboda haka sau da yawa ba su ɗauke da waɗannan alamomin. Majinyaci zai iya samun garkuwa a kan ɗaya daga cikinsu, tantancewa ta nuna babu komai, ledar da ta fito daga maƙwabcinsa kuma tana da alamar. Cikakken gwajin dacewa ne kaɗai zai kama wannan.

Tsarin Rh ma yana da rassa da yawa a jinin ƴan Afirka. Wasu suna da D ko C ko e wadda ba ta cika ba: gwaji ya nuna suna da ita, amma jikinsu ya ƙera garkuwa a kan ɓangaren da suka rasa. Gwajin ƙwayoyin gado ne ke warware irin wannan. Wasu ƙalilan kuma ba su da alamar U, wadda kusan kowa a duniya ke da ita, kuma kusan dukansu ƴan asalin Afirka ne. Idan irin wannan mutum ya ƙera anti-U, jinin mai irin nasa kaɗai zai karɓa. Wannan ne ya sa hukumar jini ta Faransa, EFS, ke yawan kira ga ƴan asalin Afirka mazauna can da su ba da jini, take kuma adana jinin da ba a cika samu ba a daskare.

Wani abin lura shi ne a asibitoci da yawa na yankin cikakken jini ake ɗaurawa, da ƙwayoyinsa da ruwansa. Ana cewa mai O yana ba kowa, amma wannan ƙwayoyinsa ake nufi. Ruwansa yana da anti-A da anti-B, kuma a wasu masu bayarwa suna da ƙarfin da za su farfasa ƙwayoyin mai A ko B ko AB, musamman ƙaramin yaro. Shi ya sa aka fi son a ba kowa rukuninsa, ko a rage ruwan, ko a auna ƙarfin garkuwar mai bayarwa.

Masu sikila

Masu ciwon sikila, wanda ake kira amosanin jini, su ne suka fi fuskantar wannan matsala, saboda ana yawan ƙara musu jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu ciwon a Najeriya kowace shekara, kuma yana da yawa a Nijar da Kamaru da Gana da Cadi. A Turai da Amurka, inda masu bayarwa yawanci Turawa ne, bincike da dama sun nuna mutum ɗaya cikin huɗu na masu sikila, ko fiye, yana ƙera garkuwa idan ABO da D kaɗai aka daidaita. A Afirka kudu da Sahara adadin ya fi ƙasa domin mai bayarwa da mai karɓa sun fi kama da juna, amma matsalar tana nan.

Haɗarin ga mai sikila shi ne farfashewar da ke zuwa daga baya tana kama da tashin ciwonsa: ciwon ƙashi, zazzaɓi, shawara. Wani lokaci jiki yakan hallaka jinin da aka ƙara har da nasa, jini ya faɗi ƙasa da inda yake kafin a ɗaura leda, kuma sake ƙarin jini na iya tsananta lamarin. Don haka duk mai sikilar da ya dawo asibiti da ciwo cikin wata guda bayan ƙarin jini, wajibi ne a faɗa wa likita ranar da aka yi. Ƙa'idar da masana suka amince da ita ita ce a gano cikakkun alamomin yaro kafin ledar farko, a riƙa daidaita masa aƙalla C da E da K bayan ABO da D.

Masu juna biyu

Macen da ba ta da D, idan ta ɗauki cikin ɗa mai D, ɗan jininsa yakan shiga nata a lokacin haihuwa ko ɓari ko zubar jini. Ɗan fari yawanci yakan tsira. A ciki na gaba garkuwar uwa tana ratsa mabiyiya ta farfasa jinin ɗan, ya zo da shawara mai tsanani da ƙarancin jini, ko ya mutu a ciki. Anti-c da anti-K ma suna yin haka. Ana so a yi gwajin garkuwa a awon ciki na farko, a maimaita wajen sati na 28. Idan an samu, ana auna ƙarfinta ta hanyar sirka ruwan jini ninki bayan ninki, a bi lafiyar ɗan da na'urar hoton ciki.

Tun 1968 akwai allurar anti-D da ke hana jikin uwa ƙera garkuwar, idan an yi ta cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari. Rigakafi ce, ba ta amfani ga wadda ta riga ta ƙera. Matar da aka yi wa allurar ta faɗa wa ɗakin gwaji, domin takan bayyana a gwaji na wasu makonni. Ba duk abin da gwaji ya nuna ne ke da haɗari ba: sinadaran Lewis suna yawan fitowa a mata baƙar fata masu ciki, kuma ba sa cutar da ɗa.

A nan ne al'adar neman jini daga dangi ke buƙatar hattara. Inda ma'ajiyar jini ba ta da isasshe, akan ce iyali su kawo mai bayarwa, miji kuma shi ne na kusa. Idan an ba mace jinin mijinta, tana iya ƙera garkuwa a kan alamomin da ƴaƴansu za su gada daga gare shi. Abin da ya fi shi ne miji ya ba da jininsa a ajiye a ma'ajiya, a ɗauko wa matar wata ledar da ta dace.

Wa'adin sakamako da takardar majinyaci

Sakamakon gwajin garkuwa ba ya daɗewa, domin sabuwar garkuwa na iya tasowa cikin kwanaki. A tsarin Faransa wa'adinsa kwana uku ne, ana iya tsawaita shi zuwa kwana 21 idan bai nuna komai ba kuma ba a yi wa mutum ƙarin jini ko dashe ba, bai kuma yi juna biyu ba, cikin wata shida da suka wuce. Sakamakon da ya taɓa nuna garkuwa kuwa na har abada ne. Wanda aka taɓa samun anti-K a jikinsa ba za a sake ba shi jini mai K ba, ko da gwajin yau bai nuna komai ba.

Cikakken gwajin yana buƙatar ƙwayoyin gwaji da ke lalacewa cikin ƴan makonni, da firji mai riƙe digiri 2 zuwa 6, da wutar lantarki, da ƙwararren ma'aikaci. Saboda haka an fi samun sa a cibiyoyin jini na ƙasa, irin CNTS ta Yamai da ta Njamena, da manyan asibitocin koyarwa. Kowace ƙasa tana da nata kundin, kuma kundin ba ya ƙetare iyaka. Ɗan kasuwar da aka ƙara wa jini a Maraɗi zai iya kwanciya a Kano bayan shekara biyu, matar da ta haihu a Garwa ta sake haihuwa a Njamena ko Kumasi, takardar farko da Faransanci, asibiti na biyu kuma yana aiki da Ingilishi, ko akasin haka. Sunayen sinadaran ba sa canzawa tsakanin harsunan biyu: anti-D da anti-E da anti-K haka ake rubuta su ko'ina.

Saboda haka likitoci ke shawartar duk wanda aka taɓa ƙara wa jini ya nemi takarda mai ɗauke da rukuninsa, da ranar kowane ƙarin jini da asibitin da aka yi, da sunan duk garkuwar da aka gano, da duk matsalar da ta biyo baya. Ya ɗauki hotonta a waya, ya ajiye ta tare da takardun tafiya. Kafin a ɗaura leda, majinyaci ko mai jinyarsa ya faɗi ko an taɓa yi masa ƙarin jini, mace kuma ta faɗi yawan cikin da ta yi har da ɓari, da ko wani jaririnta ya taɓa yin shawara mai tsanani. Yana kuma da damar ya tambaya ko an yi RAI, idan babu kayan yin sa kuma, ko gwajin dacewar da aka yi cikakke ne mai ruwan Coombs.